Kimiyya A Tsakar Gida: Na'urar Da Ke Jin Sauti Ta Kunna Amfilifaya, Ta Ji Shiru Ta Kashe

'Yan SS 3, da fatan an fara ɗaura ɗamarar WAEC da NECO. Makon nan zancen namu daga gida muka ɗauko shi, a Kafur, inda muka yi hutun da ya wuce ana tsaka da kaka, masara ta cika tsakar gida har ba wurin shimfiɗa tabarma.

Bara da aka sayar da waken soya Baba ya sayi farantin sola ɗaya da batir na bolt 12, an rubuta 40Ah a jikinsa. Shi ke riƙe da ƙwai uku da cajin wayoyi, sai wata amfilifaya da wani mai gyaran rediyo ya harhaɗa a cikin akwatin katako. A ita Baba yake jona ƙaramar rediyonsa don a ji labarai har zaure, mu kuma da dare mu jona waya. To, kun dai san hali. Ana cikin saurare barci zai ɗauke kowa, abin da ke wayar ya ƙare, amma akwatin yana nan a kunne yana wani ɗan "sss" har gari ya waye. Da asuba ƙwai sun yi ja kamar garwashi. Lokacin labaran safe na BBC Hausa, shiru. Sai ka ji muryar Baba daga turaka: "Wai wa ya sake barin akwatin nan a kunne?" Kowa ya yi tsit, a ƙarshe laifin ya faɗa kan autanmu, ko da ya riga kowa kwanciya.

Abin ya wuce faɗan safe. Batir irin wannan mai ruwan asid ba ya son a riƙa tsotse shi har ƙasa. In ana yi masa haka kullum, ƙarfinsa raguwa yake, wanda ya kamata ya yi shekaru sai ya mutu da wuri. Shi ya sa masu haɗa sola suke cewa kada a ci fiye da rabinsa kafin a sake caji. Kuɗin sabon batir kuwa buhunan hatsi ne, ba tiya ba.

Kafin mu taɓa komai sai da muka auna, ku ma daga nan za ku fara. Muka aro mita, muka sa ta a ramin da aka rubuta 10A, muka cire wayar ja daga amfilifayar muka ratsa mitar a tsakani, yadda duk wutar da za ta shiga sai ta bi ta cikinta. A kula, in mita tana wannan matsayi ba a ɗora bakunanta biyu a kan kawunan batir. Yin haka ƙona ta yake, wani lokaci har da yatsa. Ba sauti ko kaɗan, amma akwatin namu yana jan amfiya 0.8. Ku ɗauko biro. Darasin nan na Fiziks, P = IV: 0.8 sau 12 ya ba da 9.6, kusan wat 10 ke nan. Daga ƙarfe 9 na dare zuwa 7 na safe awa 10 ne, wato 8Ah. Rabin batirin da aka yarda a ci 20Ah ne. Ashe kashi 2 cikin 5 na abincin gidan gaba ɗaya yana tafiya wajen ciyar da akwatin da ba ya cewa komai.

Wannan ɓarna ba mu kaɗai ta dama ba. Tarayyar Turai ta yi doka a 2008 cewa daga 2010 yawancin kayan lantarki na gida kada su ci fiye da wat 1 idan suna zaman jira, daga 2013 kuma aka rage zuwa rabin wat. A bayan wasu manyan sifikun bas na kamfani za ku ga makunni mai matsayi uku, na tsakiya an rubuta Auto. A wannan matsayi sifikar tana kwance, da ta ji sauti ta tashi, in shiru ya daɗe ta koma. Irin wannan kunnen muka ce bari mu yi wa akwatin Baba.

Ƙwaƙwalwar aikin ita ce Arduino. Wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, a kansa akwai ƙaramar kwamfuta guda a dunƙule cikin baƙar ƙwaya ɗaya, wadda injiniyoyi ke kira maikurokwantirola. Ba ta da fuska, ba ta shiga intanet, umarni ɗaya ake loda mata ta yi ta maimaita shi muddin akwai wuta. An fara Arduino a 2005 a wata makarantar zane da fasaha a garin Ibreya na Italiya, don ɗaliban da ba injiniyoyi ba su iya haɗa na'urori cikin sauƙi da araha. Ɗaya daga cikin malaman da suka ƙirƙiro shi sunansa Massimo Banzi. Kada ku yi dariya, aikinsa dai ba na banza ba ne. Samfurin Uno da ƙanensa Nano duk ƙwaya ɗaya suke amfani da ita, ATmega328P, mai bugawa sau miliyan 16 a sakan guda. Mu Nano muka ɗauka don ya fi ƙanƙanta kuma bai kai Uno cin wuta ba. Daga Kano aka saƙo mana shi, Sabon Gari. Sauran tarkacen, resista da kafasita, yawanci daga matattun alluna muka ciro su a shagon wani mai gyara a Malumfashi, wanda ya ce mu kwashe ma mun rage masa shara.

Yanzu ga wurin da ke buƙatar natsuwa. Arduino yana da ƙafafu na musamman, A0 da 'yan uwanta, masu auna ƙarfin wuta daga bolt 0 zuwa bolt 5 su mayar da shi lamba daga 0 zuwa 1023. Ku raba 5 gida 1024, kowane taki ɗaya kusan milibolt 5 ne. Shi kuwa sauti a cikin waya ba a tsaye yake ba. Kamar lilo yake, ya yi gaba ya wuce sifili, ya dawo baya ya sauka ƙasa da sifili, sau ɗaruruwa ko dubbai a sakan. Arduino ba ya ganin abin da ke ƙasa da sifili, in ma ya yi yawa yana iya lalata ƙafar. Dabarar ita ce a matsar da reshen da aka ɗaure lilon zuwa tsakiyar fili. Sai ku sami resista biyu masu ƙarfi ɗaya, mu na kilo-om 100 muka sa, ku jera su ɗaya bayan ɗaya daga ƙafar 5V zuwa ƙafar GND. Tunda ƙarfinsu ɗaya, raba wutar za su yi daidai, mahaɗarsu ta tsaya a bolt 2.5. Wannan shi ne rabon wutar nan da ake zana muku a allo kuna hamma. Daga mahaɗar a ja waya zuwa A0. Idan ba sauti, Arduino zai riƙa karanta lamba kusa da 512.

Sautin kuma ta kafasita zai shigo mahaɗar, mai maikurofarad 1. Kafasita mai gadi ce, tana barin abin da ke kaɗawa ya wuce, ta tare wutar da ke tsaye, don haka bolt 2.5 ɗinmu ba zai koma cikin wayar mutane ba. In irin mai ƙafa doguwa da gajeriya ce, doguwar ita ke kallon mahaɗa. Wayar sauti tana da hagu da dama, kowanne a sa masa resista na kilo-om 10 kafin su haɗu a kafasitar, ita kuma wayar ƙasa a haɗa ta da GND. Da sauti ya zo, lambar za ta fara rawa a kewayen 512, ta hau 540, ta sauka 480.

Kuskurenmu na farko abin kunya ne, amma bari mu faɗa don kada ku maimaita. Daga wayoyin sifika muka fara tunanin ɗebo sautin, don a nan ya fi ƙarfi. Har mun feɗe waya kafin mu farga: idan amfilifaya a kashe take, me zai fito ta sifika da za a ji a kunna ta? Kamar a ce wa mai barci in ya ji minsharinsa ya tashi. Ban da haka, wutar da ke zuwa sifika ta fi ƙarfin Arduino, kuma a amfilifayoyi da yawa babu ko ɗaya cikin wayoyin sifikar da ke haɗe da ƙasa, jona ta a GND ƙona kaya ne. Dole a ɗebo sautin tun daga tushe, tsakanin waya ko rediyo da bakin amfilifaya. Haka nan wanda amfilifayarsa ke da allon Bluetooth ko na memori a ciki, sai ya ware wa allon wutarsa daban ya zauna a kunne, in ba haka ba an kashe mai kawo saƙon tare da mai karɓa.

Umarnin da muka rubuta bai cika shafi ɗaya ba. A Hausa ga abin da yake cewa. Ka yi ta karanta A0 na tsawon milisakan 50, wato kashi 1 cikin 20 na sakan. A wannan ɗan lokaci umarnin analogRead yana samun karatu sama da 400. Ka riƙe mafi girma da mafi ƙanƙanta, ka cire wannan daga wancan. In tazarar ta wuce iyakar da aka sa maka sau uku a jere, to sauti ne, ka kunna, ka rubuta lokaci. In an yi minti 5 ba ka sake jin komai ba, ka kashe. Sharaɗin sau uku a jere yana da dalili: taɓa waya ko kunna ƙwai a ɗaki na iya jefo ɗan tartsatsi ɗaya, bai kamata wannan ya tashi akwati ba. Minti 5 kuma saboda shirun da ke tsakanin waƙa da waƙa ne, ko inda mai magana ya tsaya ya numfasa.

Iyakar ba a littafi ake samunta ba, kowane gida da tasa. A manhajar Arduino akwai tagar da ake kira Serial Monitor, tana nuna lambobin da allon ke gani. Muka jona komai, ba sauti, muka zura ido: tazarar tana yawo tsakanin 2 da 5. Wannan hayaniyar wayoyi ce kawai. Muka sa iyaka a 12. Da aka jona wayar a wata caja mai arha sai hayaniyar ta haura, akwatin ya riƙa tashi shi kaɗai tsakar dare kamar mai aljanu. Maganin shi ne gajeriyar waya mai rigar ƙarfe a ciki, a kuma nisanta ta da caja da inbata. Masu wutar Nepa su ma za su gamu da nasu gurnanin, domin wutar tana kaɗawa sau 50 a sakan kuma doguwar waya tsirara tana kwaso shi. In kuma a gidanku ƙasa-ƙasa ake saurare har sautin bai kai iyaka ba, akwai ƙwaya mai ƙafa 8, LM358, da za ta ninka shi kamar sau 10 kafin ya isa A0. Mu ba mu buƙace ta ba, don a gidanmu ba wanda ya san ƙasa-ƙasa.

Saura hannun da zai danna makunni. Ƙafar Arduino miliamfiya 20 aka so a ja daga gare ta, 40 ita ce ƙarshen iyaka, ba za ta iya ciyar da amfilifaya ba. Sai rile, wato makunnin da maganaɗisun lantarki ke ja. Shi kansa rile na bolt 5 yana neman kusan miliamfiya 70, don haka ana sa transista a tsakani, irin BC547, da diyod 1N4007 a gicciye kan naɗin wayarsa don ta shanye tartsatsin da ke dawowa idan an yanke wuta. Wanda ya sayi rile da aka riga aka ɗora a kan ɗan allo ya huta, duk suna ciki. A duba jikinsa, yawancin shuɗayen nan amfiya 10 aka rubuta. Masu amfani da amfilifayar mota sun fi kowa sa'a: tana da wani baki da aka rubuta REM, wanda 'yar wuta kaɗan ta bolt 12 ke kunna ta. Wannan siririyar wayar kawai rile zai riƙa yankewa, a bar manyan yadda suke.

Ranar gwaji sai da aka taru. Muka danna waƙa, rile ya ce ƙas, sauti ya cika gida. Muka tsayar, muka ce kowa ya jira minti 5. Ba a yi ko minti ɗaya ba ya sake cewa ƙas, ya kashe. Kafin mu yi magana ya kunna kansa. Can ya kashe, ya sake kunnawa. Baba ya dube mu ya ce, "To ku 'yan jami'a, wannan kuma rawar me yake yi?"

Cuta biyu ce ta haɗu. Ta farko mun gano ta a daren: duk lokacin da rile ya yanke wuta, amfilifayar tana yin ɗan ɓum, wutar ta girgiza, Arduino ya ɗauka sauti ne ya sake kunnawa. Muka ƙara layi ɗaya, bayan kowace kashewa ya toshe kunne na sakan 3. Ta biyun ce ta ci mana kwana biyu. Mun rubuta 300000, wato minti 5 a milisakan, mun duba sifilan sun fi sau goma, daidai suke. Ƙanwarmu da ke SS 2 ce ta zauna da agogon waya tana aunawa, ba wanda ya sa ta. Ta ce, "Yaya, ba fa haka kawai yake kashewa ba. Sau huɗu na gwada, kullum sakan 38 ne." Da jin lambar ba ta canzawa muka san lissafi ne ba lalacewa ba. Mun ajiye lokacin a wani ma'aji da ake kira unsigned int, wanda a wannan allo ba ya ɗaukar fiye da 65,535. In an wuce nan komawa sifili yake, kamar yadda agogo ke komawa 1 bayan 12. Ku gwada da kanku: 65,536 sau 4 ya ba da 262,144. A cire shi daga 300,000, saura 37,856. Milisakan 37,856 kuwa ai sakan 38 ne ba kaɗan. Muka canza ma'ajin zuwa unsigned long, mai ɗaukar sama da biliyan 4, magana ta ƙare. Wannan babban ma'aji shi agogon cikin Arduino, millis, yake amfani da shi, kuma shi ma yana cika ya koma sifili bayan kusan kwana 50. In kuna cire tsohon lokaci daga sabo, maimakon ku tara ku kwatanta, wannan ba zai dame ku ba.

Maganar da ba ma so a tsallake: duk abin da muka bayyana na bolt 12 ne. Wanda amfilifayarsa ta soket ce, bolt 230 ke nan, wutar da ke kisa. Kada ɗalibi ya kai hannu wurin. Ku haɗa ɓangaren sauti da Arduino, ku gwada da ɗan ƙwai, sannan ku kai wa ƙwararren mai gyara ya jona rile ya rufe a akwatin roba. Shi ma batir ba abin raini ba ne. Ba zai ja ku ba, amma in ja da baƙa suka haɗu yana iya mai da waya jawur cikin sakanni, ga kara da buhuna jibge a gidajenmu a wannan lokaci, ga iskar hunturu. A sa fiyus dab da kan batir kafin komai. Wutar Arduino kuma kada a ɗebo ta kai tsaye, domin batir yana haura bolt 14 idan rana ta take. Cajar waya ta mota muka sa, ta sauke shi zuwa bolt 5.

Da muka sake aunawa, na'urar tana jira a kan abin da bai kai amfiya 0.05 ba. A awa 10 bai kai rabin Ah ba, a maimakon 8. Amma mu faɗi gaskiya, ba kowa ke buƙatarta ba. Sababbin ƙananan alluna irin TPA3116 ba su cin wuta sosai a zaune. In kun auna taku kuka ga bai kai amfiya 0.1 ba, ribar ba ta kai kuɗin Arduino ba, sai dai a yi don koyo. Kuma ana iya yin aikin ba tare da kwamfuta ba, da LM358 da tsohuwar ƙwayar nan NE555 da ke kasuwa tun 1972. Mun zaɓi Arduino ne don canza minti 5 zuwa 10 gyara lamba ɗaya ne, ba sai an kunna ƙarfen narka dalma ba. Wani aibin kuma da ba mu iya kawarwa ba: kafin na'urar ta tabbatar, rile ya ja, amfilifaya ta farka, kusan sakan guda ya wuce, kalmar farko ta tafi. A waƙa ba komai. Amma da wani maƙwabci ya ce mu haɗa wa lasifikar masallacin unguwa, mun ba shi haƙuri, don ba a yanke farkon kiran salla.

Wanda ba shi da kuɗin allo yanzu, akwai Tinkercad da Wokwi a intanet, inda ake haɗa Arduino na gwaji kyauta a loda masa umarni a ga yana aiki. Wanda ke da allo ba kwamfuta kuma, manhajar ArduinoDroid da 'yar wayar OTG suna lodawa daga wayar Android. In makarantarku tana da ƙungiyar JETS, ku kai wa malamin Fiziks wannan shafi, ku haɗa kuɗi mutum biyar ku sayi allo ɗaya.

Akwatin yana nan a kan kanta a ɗakin Baba, mun sa na'urar a cikin robar man shafawa da muka huda. Da muka yi waya gida shekaranjiya an ce batir yana kai safe, sai dai Baba ya ce minti 5 ya yi masa yawa, a mayar 2, ƙanwarmu kuma ta ce ita za ta canza lambar in an aiko mata da wayar OTG. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu kawo umarnin layi bayan layi tare da zanen haɗin. Kafin nan kowa ya aro mita ya auno abin da amfilifayar gidansu ke ci idan ta yi shiru, ya zo da lambarsa.